Darasi: Yadda Shafin Intanet ke Isowa Cikin Salula a Matameye

Shafin intanet ba a cikin salular mai karanta shi yake zaune ba. Yana ajiye ne a wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, galibi a wata ƙasa mai nisa, kuma duk sa'ad da aka buɗe shi sai an aika an nemo kwafinsa. Kwamfutar da ke riƙe da shafin ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Manhajar da ake aikawa neman shafin, irin su Chrome da Firefox da Safari da Opera Mini, ita ce burauza. Burauza ta tambaya, saba ta amsa. A kan wannan musaya aka gina yanar gizo gaba ɗayanta, kuma yawancin matsalolin da sabon maginin shafi zai ci karo da su suna warwaruwa ne idan ya gane a wane zango tsakanin tambaya da amsa abin ya tsaya.

A bakin jama'a intanet da yanar gizo abu ɗaya ne, amma ga mai gina shafi akwai bambanci. Intanet ita ce hanyar kanta: wayoyi da eriyoyi da taurarin ɗan'adam da ƙa'idojin da ke haɗa kwamfutocin duniya. Kiran WhatsApp da wasiƙar imel duk ta kanta suke bi. Yanar gizo kuwa tsari ne da aka ɗora a kanta daga baya. Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, shi ya gabatar da shawararsa a 1989 lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba a Suwizalan. Abu uku ya ƙirƙiro: yadda ake rubuta adireshin shafi, wato URL, ƙa'idar tambaya da amsa, wato HTTP, da harshen rubuta shafin, wato HTML. A watan Afrilu na 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa, shi ya sa yau matashi zai zauna a Matameye ya gina shafi ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Domin a bi tafiyar daki-daki, a ɗauka wata ƙungiyar manoman rake a Matameye tana da shafi da take sa farashin dami, fatake daga Damagaram da Maraɗi kuma su duba su yi oda. A ce adireshinsa misali.ne, kuma magatakardan ƙungiyar ne ya ciro salula ya danna shi.

Suna da lamba

Adireshi yana da gaɓoɓi, kowace da aikinta. A duba na wani shafi na gaskiya: https://ha.wikipedia.org/wiki/Kano. Farkonsa, https, yana faɗa wa burauza da wace ƙa'ida za ta yi magana. Tsakiyarsa, ha.wikipedia.org, sunan sabar ne. Abin da ya biyo baya, /wiki/Kano, shi ne takamaiman abin da ake nema a cikinta. Sunan saba daga dama ake fassara shi: org babban rukuni ne, wikipedia suna ne da aka yi wa rajista a ƙarƙashinsa, ha kuma reshen Hausa ne. Kowace ƙasa tana da nata rukunin mai harufa biyu: Nijar .ne, Najeriya .ng, Faransa .fr. Suna ba a sayensa har abada. Haya ake yi, yawanci ta shekara, kuma ƙungiyar da ta manta sabunta hayar tana iya wayar gari shafinta ya ɓace, ko ma wani ya ɗauke sunan. Abin da ya fi yawan jawo rigima shi ne maginin shafi ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da suka saɓa da masu aikin, ko ya tafi ci-rani, sai ƙungiya ta rasa ikon abinta. Daidai shi ne rajista ta zama da sunan mai shafin.

Na'urorin da ke kan hanya ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace saba tana da lambar IP, mai kama da 203.0.113.10. Tsohon tsarin waɗannan lambobi, IPv4, bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma sun yi wa duniya kaɗan, abin da ya sa aka fito da IPv6 mai tsayi. Hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishus ce ke raba wa kamfanonin Afirka nasu kason.

Aikin juya suna ya koma lamba shi ne na DNS, tsarin da Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Salula takan tambayi sabar DNS ta kamfanin layinta. In waccan ba ta sani ba sai ta shiga cigiya, kamar baƙon da ya sauka a tashar Matameye ba shi da komai sai sunan mai masaukinsa: ɗan kamasho bai san gidan ba amma ya san unguwar, mai unguwa kuma ya haɗa shi da yaron da zai nuna masa ƙofa. Ana fara tambayar sabobin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 daga A zuwa M da kwafi masu yawa a warwatse cikin duniya. Su ce a je wurin mai kula da .ne, shi kuma ya nuna sabar da ke riƙe da bayanan misali.ne, ita ce za ta ba da lambar. Amsar tana zuwa da wa'adi, ana ajiye ta har ya cika don kada a riƙa maimaita cigiyar. Wannan wa'adi ne ke sa idan aka ƙaurar da shafi zuwa sabuwar saba, mai layin Airtel ya ga sabo, mai layin Moov a gefensa kuma ya ci gaba da ganin tsoho har na wasu awoyi. Ba ɓaci ba ne, jira ne maganinsa.

Hanyar da saƙon ke bi

Da lamba ta samu, saƙo sai ya kama hanya. Ba a aika shi dunƙule. Ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi, kowane bai cika wuce bayit 1,500 ba, ɗauke da lambar mai aikawa da ta mai karɓa. Daga salula ya hau iska zuwa eriyar da ke kusa, abin da mutane ke nufi in sun ce akwai rezo ko babu. Daga eriya ya shiga hanyoyin kamfanin layin, ko Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom wanda a da ake kira Orange Nijar, ko Niger Telecoms. Daga nan na'urorin raba hanya ke miƙa wa juna shi, kowace ta duba lambar ta tura gaba.

Nijar ba ta da gaɓar teku, alhali mafi yawan zirga-zirgar intanet tsakanin nahiyoyi ta wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take bi. Saboda haka dole saƙon ya ratsa maƙwabta: ko ta Dosso da Gaya ya sauka Kwatano a Benin, ko ta Najeriya ya sauka Legas, gwargwadon yarjejeniyar kowane kamfani. A bakin tekun akwai wayoyi irin su SAT-3 da ACE da WACS da MainOne. Ita MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne. Ranar 14 ga Maris 2024 waɗannan wayoyi huɗu suka sami matsala a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana salula na nuna rezo cike, shafi kuma ya ƙi buɗuwa, domin tsinkewar tana can gaba, inda ido ba ya kaiwa.

Nisa yana cin lokaci, kuma ana iya lissafa shi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kilomita 7,000 ke nan zuwa da dawowa sun cinye kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa, tun kafin a ƙara tafiyar tudu daga Legas zuwa nan, da jinkirin eriya, da layin jira a kowace na'ura. Wannan ba abin da kuɗi ko ƙwarewa za su soke ba ne. Abin mamakin shi ne, tsakanin Matameye da Damagaram bai kai kilomita 100 ba, amma in sabar ƙungiyar tana Faransa, farashin da magatakarda ya shigar sai ya je Turai tukuna, falken da ke Damagaram kuma ya aika can a ɗebo masa.

Gaisuwa da kulle

Kafin burauza ta faɗi buƙatarta, sai ta buɗe zance da sabar ta ƙa'idar TCP: ta yi sallama, saba ta amsa, ita kuma ta tabbatar ta ji. TCP ce ke jera ƙunshin da suka iso a hargitse, ta sa a sake aiko wanda ya ɓace. Inda rezo ke da rauni ƙunshi kan ɓace da yawa, kowane ɓata kuma jira ne.

In adireshin da https ya fara, akwai mataki na biyu, mai suna TLS. Saba takan miƙa takardar shaida da wata amintacciyar hukuma ta sa wa hannu cewa lallai ita ce misali.ne. Burauza ta tantance, su biyun su yi ittifaƙi kan mabuɗin sirri, daga nan duk abin da ya wuce tsakaninsu a kulle yake. Mai cibiyar intanet ko mai wifi zai iya sanin wace saba aka ziyarta, amma ba zai karanta abin da aka rubuta ba. A da takardar nan da kuɗi ake sayenta. Tun ƙarshen 2015 wata hukuma mai suna Let's Encrypt ke ba da ita kyauta, don haka ba wani uzuri ga shafin da ke karɓar kalmar sirri a buɗe. Abu biyu ya kamata a riƙe. Kulle yana nuna hanya a tsare take ne kawai, ba ya nuna mai shafin mutumin kirki ne; ɗan damfara ma yana samun takarda da sunan da ya yi wa rajista. Na biyu, takardar tana da ranar farawa da ta ƙarewa, burauza kuma da agogon na'urar take aunawa. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, kwanan watanta ya koma shekarun baya, za ta riƙa yin gargaɗi a kusan kowane shafi. Gyara agogo kawai ake yi.

A lura da yawan kai-komon da aka yi: na DNS, na TCP, na TLS, ga kuma tambayar kanta tana tafe. In kowane zuwa da dawowa ya ci kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, an doshi daƙiƙa guda ke nan ba a ga ko harafi ɗaya ba.

Tambaya da amsa

Tambayar HTTP rubutu ce gajera, mutum ma zai iya karanta ta:

GET /farashi HTTP/1.1
Host: misali.ne

GET na nufin a ba ni. In kuwa fom aka cika, kamar falke ya rubuta dami nawa yake so, burauza kan yi amfani da POST, ta haɗa bayanan a jikin saƙon. Amsar saba tana farawa da lamba mai gaya wa burauza yadda aka kwashe. Lamba 200 na nufin an samu, ga shi. 301 na nufin an ƙaura, ga sabon adireshi. 404 na nufin sabar na nan lafiya amma ba ta da abin da aka nema, 403 kuma akwai shi amma an hana. 500 na nufin manhajar da ke cikin sabar ta yi tuntuɓe. Ƙa'idar mai sauƙi ce: lambobin 400 suna nuni ga tambayar, na 500 suna nuni ga sabar. Mai koyon da ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin lalube.

HTTP ba ta da tunani. Kowace tambaya sabuwa ce a wurin saba, ba ta san wanda ya zo ɗazu shi ne ya dawo ba. Abin da ke sa shafi ya riƙa gane magatakarda bayan ya shigar da kalmar sirri shi ne kuki: wata doguwar lamba da saba ke ba burauza, ita kuma ta riƙa nuna ta a kowace tambaya. Duk wanda ya zauna gaban wannan burauza kamar magatakardan ne a idon sabar, shi ya sa fita daga asusu bayan an gama aiki a kwamfutar haya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke faruwa a cikin saba

Saba kwamfuta ce kamar kowace, sai dai yawanci ba ta da allo, tsarin Linux ne a cikinta, tana jere da dubban irinta a gini mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. A cikinta akwai manhajar da ke gadin ƙofa, galibi Apache ko Nginx, tana sauraron ƙofa ta 80 don http da ta 443 don https. In abin da aka nema fayil ne da ke ajiye, hoto ko shafin tarihin ƙungiya da ba ya canzawa, sai ta ɗauko ta miƙa. Irin wannan shafi ya fi kowane sauri da arha da wuyar kutse, kuma ƙungiyoyi da makarantu da yawa ba su buƙatar abin da ya wuce shi, ko da yake sabon magini kan ga kamar raini ne a ba shi aiki mai sauƙi haka.

Farashin rake kuwa yana canzawa, don haka ba a rubuta shi cikin fayil. Yana zaune ne a rumbun bayanai, irin su MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL, cikin jadawali mai layuka: kwanan wata, irin raken, farashi. Da tambaya ta iso, mai gadin ƙofa ya miƙa ta ga shirin da magini ya rubuta da PHP ko Python ko JavaScript. Shirin ya tambayi rumbu da harshen SQL, ya karɓi farashin yau, ya saƙa shi cikin HTML, ya mayar. Shafin da magatakarda ya gani bai wanzu ba sai a daidai lokacin da ya neme shi. Haka Wikipedia ta Hausa ke aiki, da manhajar MediaWiki da aka rubuta da PHP da rumbun MariaDB. Haka ma manhajar gina shafuka ta WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Manhajojin aika kuɗi na salula ma tsarin ke nan: kuɗin da ake gani a allo ba a salular yake ba, lamba ce a rumbun kamfanin, manhajar tana tambaya ana ba ta amsa, sai dai amsar ba HTML ba ce, zallar bayanai ce, galibi a tsarin JSON.

A nan ne ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ga mai gina shafi take: duk abin da ya fito daga burauza abin tuhuma ne. Burauza a hannun baƙo take, yana iya sauya duk abin da ke cikinta. A ce dami jaka uku ne, magini kuma ya bar burauza ta aiko da farashin tare da odar. Mai wayo zai buɗe kayan binciken burauza ya mayar da jaka uku dala ɗaya, sabar da ba ta bincike kuma ta karɓa. Abin da ya dace shi ne burauza ta aiko da yawan dami kawai, saba ta ɗauko farashi daga rumbunta ta yi lissafin da kanta. Haka nan in aka liƙa abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, yana iya rubuta umarni a gurbin sunansa ya kwashe rumbun ko ya goge shi. Maganin wannan tsohon rami shi ne shiryayyen umarni, wanda ke ware bayanan baƙo daban, kuma kowane harshe yana da shi. Kalmar sirri kuwa ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta. Ana niƙe ta zuwa wata lamba da ba a iya mayarwa baya, a PHP da umarnin password_hash. Sunaye da lambobin wayar fataken amana ce, kuma doka ma ta shiga ciki: Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita.

Burauza ta harhaɗa shafi

Abin da ya fara isowa salula HTML ne, rubutu mai alamomi da ke nuna matsayin kowane abu:

<h1>Farashin rake</h1>
<p>Farashin dami na yau</p>
<img src="rake.jpg" alt="Damin rake">

Hoton ba ya cikin wannan rubutu, adireshinsa ne kawai. Da burauza ta kai layi na uku sai ta aika wata tambayar daban. Haka za ta yi wa fayil ɗin CSS, mai kula da launi da girman rubutu da shimfiɗar shafi, da na JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, wanda ke gudana a cikin salular mai karatu yana sa shafi motsi. Shafi guda na iya jawo tambayoyi 50 ko fiye. Shi ya sa rubutu kan fito tsirara, sannan ya yi ado, hotuna su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Mai rubuta shafi da Hausa yana da wata damuwa tasa: harufa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y. Kwamfuta lambobi take ajiyewa, kuma a tsarin UTF-8 kowane ɗayan waɗannan bayit biyu ne. In burauza ta karanta su da tsohon tsarin Turai, sai ta ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: ƙ ta koma Æ™, kalmar ƙasa ta fito Æ™asa. Gyaran yana wuri uku, kuma sai ukun sun dace: a adana fayil ɗin da UTF-8, a sa <meta charset="utf-8"> a saman shafi, rumbun MySQL kuma a saita shi kan utf8mb4. In kuwa ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin, lambar daidai take, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, sai a sauya shi. Yana da kyau kuma akwatin bincike ya gane cewa wanda ya rubuta kasa wataƙila ƙasa yake nufi, tunda mutane da yawa ba su da waɗannan harufa a madannin salularsu.

Nauyin shafi

Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabayit 2, mafi yawansa hotuna da JavaScript. Waɗanda suka gina irin waɗannan shafuka ba su san tsadar mega ba. Mai karatu a Kance ko Dungu ko Ɗan Barto kiredi yake saya na sefa ɗari ko ɗari biyu, salularsa ƙarama ce, rezo kuma yana zuwa yana tafiya. Hoton da aka ɗauka da salula kan kai megabayit 3 ko 4. Goma irinsa a shafi guda sun isa su cinye kaso mai yawa na abin da mutum ya saya na yini. Hoton nan in aka rage faɗinsa zuwa daidai allon salula aka matse shi, zai sauko ƙasa da kilobayit 100 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Rubutun farashin kansa, wanda shi falken ya zo nema, bai kai kilobayit 5 ba. Shafin da ke sa mutum jiran bidiyon maraba kafin ya ga kuɗin dami, an gina shi ne don mai shi ya yi alfahari.

Akwai dabarun rage tafiyar. Saba na iya gaya wa burauza ta riƙe tambarin ƙungiya da CSS na wata guda, don kada a sake sauko da su. Illarsa ita ce magini ya sauya launi ya ga bai sauya ba, sai ya sabunta da Ctrl da F5 ko ya canza sunan fayil ɗin. Kamfanoni irin su Cloudflare kuma suna ajiye kwafin shafuka a birane da yawa, har da Legas, domin a amsa daga kusa. Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ita ma tana da irin wannan ma'ajiya a Marsai ta Faransa, inda wayoyin teku da dama ke sauka. Opera Mini tata hanyar daban ce: a yanayinta na tsananin tsimi, sabobin Opera ne ke buɗe shafin su matse shi su aiko, don haka JavaScript ba ya cika aiki yadda aka tsara. Shafin da farashinsa ba ya fitowa sai da JavaScript yana iya zama fanko ga mai wannan burauza.

Tambayar da masu koyo ke yawan yi ita ce ko mutum zai mai da kwamfutarsa ta gida saba. A ƙa'ida zai iya, amma kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, zafin bazara ba ya raga wa na'ura, kamfanonin salula kuma sukan haɗa masu layi da yawa a bayan lambar IP guda, ta yadda daga waje ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar mutum ɗaya. Shi ya sa ake hayar wuri a sabar wani kamfani. Don koyo kuwa kwamfutar gida ta wadatar, ko babu intanet: manhajar XAMPP tana girka Apache da PHP da MariaDB a lokaci guda, a rubuta localhost a burauza, sai ta tambayi kwamfutar da take ciki, a lamba 127.0.0.1.

Gani da ido

Kowane zango da aka ambata ana iya leƙa shi. A kwamfuta mai Windows, a buɗe baƙin allon umarni a rubuta nslookup ha.wikipedia.org, lambar IP za ta fito. Umarnin ping yana nuna tsawon zuwa da dawowa, tracert kuma yana jera na'urorin da saƙo ya ratsa. A cikin sunayensu wani lokaci akan tsinci gutsuren sunan birni, a ga inda lokacin ya yi tsalle sa'ad da aka tsallaka teku. A burauza, Ctrl da U na nuna HTML yadda ya iso. F12 na buɗe kayan bincike, inda sashen Network, ko Réseau a kwamfuta mai Faransanci, ke jera kowace tambaya da lambar amsarta da nauyinta da lokacin da ta ci. A wannan sashen akwai wurin rage gudun intanet da gangan, don magini ya ɗanɗani abin da mai raunin rezo ke ji, ko da yake gwaji na gaskiya shi ne a ari ƙaramar salula a fita bayan gari a buɗe shafin.

In shafi ya ƙi buɗuwa, bin zangunan a jere ya fi sake rubuta shiri. In nslookup bai ba da lamba ba, matsalar ta suna ce: ko haya ta ƙare, ko bayanan DNS ba daidai ba. In lamba ta fito amma burauza ta yi ta jira har ta gaji, ko hanya ce ta tsinke ko sabar a kashe take. Gargaɗin tsaro yana nuni ga takardar shaida ko agogon na'ura. 404 na sa a duba rubutun adireshi, musamman manya da ƙananan harufa, domin a Linux Rake.jpg da rake.jpg fayil biyu ne daban, alhali a Windows ɗaya ne. Wannan ne ke sa hoton da ke fitowa a kwamfutar magini ya ɓace bayan an ɗora shafin. 500 kuwa ba a gano dalilinsa daga burauza. Sai an shiga sabar an buɗe fayil ɗin da take rubuta kurakurai, wanda a Apache da Nginx galibi sunansa error.log, inda layin ƙarshe kan faɗi sunan fayil da lambar layin da shirin ya tsaya.